Har an yi bakwai ban ji ba

Daren Alhamis, Kutemeshi

Ashe matar nan da ke fitowa a uwa a finafinai ta rasu. Kwana tara ke nan, sai yau nake ji. Haka rashin sabis ke mana a garin nan.

Da na shiga Birnin Gwari, na tsaya wajen mai tura finafinai a waya, na ce ya sa mini sabon nata. Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ji ba? Ai har an yi bakwai." Na tsaya da waya a hannu kamar wata doluwa. Kowa ya yi kukansa ya gama, ni kaɗai na makara.

Tun da Inna ta rasu, Malam kuma ya tafi neman kuɗi Kaduna, muryarta ce ke taya ni hira. Yadda take cewa "ke 'yar nan" in za ta yi faɗa, sak Inna.

Da na dawo na soya waina na raba sadaka. Maƙwabciyata Lantana ta ce, "Wa ya rasu?" Da na gaya mata sai ta kwashe da dariya: "Ita ta san ki ne?" Na ji haushi.

Ba ta san ni ba, gaskiya ne. To ita Lantanar da ta san ni, yaushe rabon da ta leƙo ɗakina?

Allah ya jiƙan ki, Hajiya. Cajin da ya rage mini kaɗan ne, amma ke zan kalla da shi.