Shafin da Na Tsallake

Litinin, 3 ga Maris
Sababbin ma'aikatan teburin karɓar baƙi na otal ɗinmu sun fara yau, su huɗu. Manaja ya ba ni mako guda in horar da su, kamar kullum. Na raba musu littafin da na rubuta da kaina, shafi goma sha shida. Ƙaramarsu, wadda tuni sauran suka laƙaba wa Auta, ta zo da biro kala uku. Irin 'yan layin gaba ce, na san su tun ina koyarwa a makaranta.

Laraba, 5 ga Maris
Har yanzu gaisuwa muke yi. Ɗaga kai kafin baƙo ya iso tebur, miƙa makulli da hannu biyu, sakin fuska ko da a waya ne. Na ce kada in ji "a'a" a bakin kowa, a nemo wa baƙo hanya. Baba mai gadi muka sa ya zama baƙo mai faɗa. Ya shiga wasan sosai har ya ce a kawo masa shayi na gaske, kuma Auta ta je ta kawo. Wannan darasin nake so fiye da kowanne.

Juma'a, 7 ga Maris
Mun tsaya a shafi na goma sha uku. Ofis na son takardar horo kafin ƙarfe biyu, wadda kowa ke sa hannu a gaban kowane darasi. Na ce su sa hannu duka, sauran shafi ukun sai Litinin. Ba yau na fara yin haka ba.

Litinin, 10 ga Maris
Masu taro sun cika otal. Ba mu zauna ba.

Talata, 18 ga Maris
Ina ɗakin wanki ana ƙirga zannuwan gado aka kira ni. Wata mata da ta sauka jiya ta ce kada a gaya wa kowa tana nan, an kuma sa alamar haka a kwamfuta. Da hantsi wani mutum ya zo, shiga ta mutunci, ya ce shi yayanta ne. Auta ta ɗaga kai tun kafin ya iso, ta gaishe shi, ta gaya masa lambar ɗaki, har ta nuna masa matakala. Ta ga alamar a kwamfuta, ba ta san ma'anarta ba.

An ji hayaniya a hawa na biyu. Baba da wani mai gadin suka sauko da shi. Matar ta fito da jakarta bayan awa guda. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wuri ɗaya ta nema a duk garin da ba za a same ta ba. Ban san me ke tsakaninsu ba, ba kuma hurumina ba ne.

Sirrin baƙo shafi na goma sha huɗu ne.

Laraba, 19 ga Maris
An dakatar da Auta. Manaja ya ɗauko takardar horo ya nuna mini sa hannunta, jan biro, a gaban darasin sirrin baƙo. Ya ce tunda an koya mata ta karya, magana ta ƙare, sai dai yana son rahotona ranar Litinin kafin ya rubuta takardar sallama. Na ce to.

Alhamis, 20 ga Maris
Auta ta zo ɗaukar takalmanta a ɗakin canza kaya. Na tambaye ta me ta gaya wa Manaja. Ta ce haƙuri kawai ta ba shi. Na ce ba ta ce masa komai game da horon ba?

"Anti, ai ni na sa hannu. Ba wanda ya riƙe mini biron."

Ta ce mahaifiyarta ba ta sani ba tukuna. Kullum da safe takan fito cikin kayan aiki ta tafi gidan yayarta ta wuni. Sauran ukun ma ba su gaya wa Manaja inda muka tsaya ba. Suna gaishe ni yadda na koya musu.

Asabar, 22 ga Maris
Na gaya wa Abban yara komai muna shanya. Ya ce, "To ke wa ya tambaye ki?" Ba wanda ya tambaye ni. Ya ce shekara tara ba a taɓa rubuta mini gargaɗi ba, in yi tunanin yara. Can kuma ya ce shi dai ya san ba zan saurare shi ba, in miƙo masa rigar.

Rahoton layi biyu na rubuta, duka gaskiya ne. Babu ranar Juma'ar nan a ciki.

Litinin, 24 ga Maris
Na shiga da rahoton, na ajiye, ban fita ba. Na gaya masa inda muka tsaya da yadda aka sa hannu. Ya cire tabarau.

"Malama, kin san abin da kike gaya mini kuwa? Sau nawa?"

Na ce wannan ne na uku. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce da ya so a ce ban shigo ba, don yanzu dole ya rubuta takarda biyu.

Alhamis, 27 ga Maris
Takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗina. An karɓe horo daga hannuna wata shida, an mayar da ni tebur, aikin safe. Auta ta dawo, an ƙara mata wata guda na gwaji. Kujerarta na kusa da tawa. Baba ya ce yau ga malama da ɗaliba a benci ɗaya, wa zai duba wa wani jarrabawa?

Da baƙi suka yi sauƙi ta ciro littafinta, muka yi shafi ukun a tsaye. Minti ashirin suka ɗauka.

Da yamma na zauna gyaran littafin, ko da yake ba wanda ya sa ni, ba ni kuma da ɗaliban da zan ba. Sirrin baƙo ya dawo shafin farko. Gaisuwa ta koma shafi biyu maimakon tara. Ba wai na rage mata daraja ba ne. Takarda ce ta yi tsada.