Shaidar Malam Alassane

Greensboro, North Carolina

Zuwa ga Yaya Jimmai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau. Hanifa tana ta karatu, Rilwanu kuwa in kin yi masa Hausa sai ya amsa da Turanci, amma in tuwo aka ajiye ba ya neman tafinta.

Yaya, mun tare a gidan da muka saya a Pleasant Garden, amma saura ƙiris ya kuɓuce mana, kuma kunya ce ta so ta jawo. A nan ba a sayen gida sai da lauya. Shi ke bincika ko akwai rigima a kan gidan, a ofishinsa kuma ake sa hannu. Bankin da ya ba mu rancen kuɗin gidan ya ce ba kowane lauya ba, sai wanda ya amince da shi. Sun faɗa tun farko, amma Baban Hanifa ya ji da kunne ɗaya, don ya riga ya yi alkawari a wani wuri.

Kin san Malam Alassane da nake ba ki labari, dattijon nan mutumin Damagaram da ya sauke mu a gidansa lokacin da muka zo ba mu san kowa ba. Duk ɗaurin aure ko cinikin mota a cikin mutanenmu, a gabansa ake yi. Ɗansa Haidar lauya ne. Ranar da Malam ya ji batun gidan, a ƙofar masallaci, ya kama hannun Baban Hanifa cikin murna ya ce ai ga Haidar nan, aikin gida ne. Mutumin naki ya ce to. Da aka kai sunan Haidar banki suka ce ba su amince ba, shi lauyan takardun zama ne, bai taɓa aikin sayen gida ba.

Daga nan Baban Hanifa ya shiga wasan ɓuya. Ya kasa duban idon Malam ya ce an ƙi ɗansa, ya kuma kasa ɗaukar wani lauyan a bayan idonsa. Har masallacin Juma'a ya sauya. Tsohuwar da ke sayar da gidan ta gaji da jira, ta aiko cewa akwai wani mai so. Wallahi na yi fushi, na ce masa kunya ba za ta rufa mana ɗaki ba. Amma da na ga ya zauna ya kasa cin abinci sai tausayinsa ya kama ni, don na san ba wauta ba ce, halaccin Malam yake tunawa.

Sai na yi abin da Inna za ta yi. Na dafa dambu na tafi wajen matar Malam, Hajiya Kouloussoum, na zayyana mata komai. Yaya, dariya ta yi har da hawaye. Ashe Haidar ma ɓuya yake yi! Ya san aikin ba nasa ba ne, ya kasa faɗa wa mahaifinsa, ya daina zuwa cin abincin Lahadi. Maza biyu da gemunsu suna gudun dattijo ɗaya. Da ta gama dariya sai ta ce ita ta san abin da ke ran mijinta. A garinsu ba a sayen gida sai dattijo ya tsaya shaida, shi kuma ya tsufa a ƙasar nan yana haya, bai taɓa ganin yadda ake yi ba. Ya cusa Haidar ne don ya samu dalilin zama a wurin. 

Hajiya ce ta faɗa wa Malam gaskiyar lamarin, Haidar kuma ya duba cikin lauyoyin da bankin ya amince da su ya zaɓa mana wata mai suna Dalila. Ta yi aikin da sauri, muka tsira. Baban Hanifa ya je har gida ya roƙi Malam ya raka mu ranar sa hannu. Malam ya zo da babbar rigarsa ta Sallah. Dalila ta ce doka ba ta buƙatar shaidarsa, na ga fuskarsa ta faɗi. Na yi mata bayanin al'adarmu, ta tashi da kanta ta jawo masa kujera kusa da tata, duk takardar da muka sa wa hannu sai ta nuna masa. Ba ya karanta Turanci sosai, amma sai ya duba a tsanake ya gyaɗa kai.

Da muka isa gidan Baban Hanifa ya miƙa wa Malam makulli ya ce shi zai buɗe. Malam ya yi bismilla ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce tun zuwansa ƙasar nan yau ya fara buɗe ƙofar da ba ta mai haya ba. Na shige kicin na yi kuka.

Ki gaida Alhaji, da Inna, da Kawu Garzali, da Sakinatou da jaririnta. Ki sa a ɗinka mini hula mai kyau, ta dattijo, zan ba Malam. Ranar da na faɗa wa Baba a waya za mu sayi gida, ya tambaye ni su wa za su tsaya shaida, na yi masa dariya na ce nan Amurka ce. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, a gaban dattijo aka yi.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Bebi