Na Sa Wa Mugun Fim Sunan Chike

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Na bar shagon Chike. Shekara goma sha ɗaya muna fassara finafinan Chana zuwa Hausa, shi yana karanto Turancin da ke ƙasan allo yana haɗa sauti a kwamfuta, ni ina yin muryoyi, na maza da na mata. Yau a gaban kwastomomi ya saki muryata a lasifika, daidai wurin da nake kukan mace, ya ce wa ya shigo masa da akuya shago. Har mai rake ya yi dariya! Na zare filashina daga kwamfutarsa na fito. Ni Kailani, akuya?

Laraba, 4 ga Satumba
Ashe sabon fim ɗin da ke filashin bai cika ba, ƙarshensa yana kwamfutar Chike. Ba komai. A gida zan yi, Sakinatu ta karanto mini Turancin, ai malamar firamare na aura.

Labarin: dauloli biyu masu gaba, kogi a tsakaninsu, gada ɗaya. Janar ɗin wancan ɓangaren ya kashe mahaifin wata yarinya a yaƙi, ta hau dutse shekara goma tana koyon takobi. Sunayensu ba sa faɗuwa a bakin Bahaushe, dama mu ke raɗa musu namu. Yarinyar na sa mata Bahijja. Mugun kuwa, Janar Chike.

Asabar, 7 ga Satumba
Kashi na ɗaya ya fita. Na ba janar ɗin irin tarin Chike da "ka gane ko?" ɗin nan nasa. Masu acaɓa na wucewa ta ƙofar shagonsa suna sara masa, "Ranka ya daɗe, Janar!" Na ci tuwo malmala uku.

Talata, 10 ga Satumba
Sakinatu ta fara iyayi. Wai in lura, me ya sa ake ta nuna gadar nan? Me ya sa janar ke tsayawa a kanta yana kallon tsaunuka, inda wasu baƙin mahaya ke taruwa? Wai fim ɗin ba na ramuwa ba ne, na haɗa ƙasa ne.

Na ce baiwar Allah, na ga fim ɗin Chana ya fi ɗari biyar. A kashe uba, a hau dutse, a sauko a rama, shi ke nan. Ta ce, "To, Malam, ka ga ƙarshen?" Na ce ta duba miyarta.

Alhamis, 12 ga Satumba
Kashi na biyu ya fita. Na uku babu. Har daga Kwangila ake kira na. Na so in nemo shi a intanet, amma sunan fim ɗin da rubutun Chana yake, kamar tonon kaji.

Juma'a, 13 ga Satumba
Nwamaka, matar Chike, ta gaya wa Sakinatu cewa 'yarsu Munachimso ta dawo daga makaranta tana kuka, yara na ce mata 'yar mai kisa. Yarinyar da ke kira na Baba Kailani. Wallahi wannan ban nufa ba. Na kasa cin abinci.

Asabar, 14 ga Satumba
Chike ya kira. "Zo ka ga ƙarshen fim ɗinka, ka gane ko?"

Na je, ban zauna ba. Bahijja ta iske janar a kan gada, mahayan nan sun danno za su cinye daulolin biyu. Ya ce mata, "Wuyana naki ne, amma bari mu tare gadar tukuna." Suka haɗa baya suna sara har mutanen ɓangarorin biyu suka zo suka taya su. Ashe duk shekara yana zuwa kabarin ubanta ya durƙusa. Da aka gama ya miƙa wuya, ita kuwa ta jefa takobin a kogi, ta fashe da kuka.

Chike ya karanto mini abin da ta ce yana kallon silin: "Na ɓata sunanka a duk garin da na bi. Ka yafe mini."

Innalillahi. Wato ni zan faɗi wannan, da sunansa, da muryar akuyar!

Sakinatu ko a fuska ba ta nuna ta ci ni ba, sai waƙa take ta yi a kicin.

Litinin, 16 ga Satumba
A shagon muka ɗauka, don makirfon ɗinsa ya fi nawa, ba don komai ba. Na siranta murya na yi kukan, na ce, "Janar Chike, ka yafe mini." Na saci kallonsa. Bai yi dariya ba.

Ya ce bari shi ya yi muryar janar, tunda na riga na ba shi muƙamin. Ya ce, "Ni na fara, Bahijja. Ni ma ki yafe mini, kin gane ko?" Na duba allo, janar ɗin ko baki bai motsa ba a wurin.

Na ce a sake ɗaukar nawa. Ya ce na farkon ya yi. Na ce na sani, a sake dai.

Kujerata tana nan inda na bar ta, har ya sa an gyara mata ƙafa. Gobe ƙarfe tara.