Ƙwayar da na zuba a kunun maigidana

Ina gaishe ku, Malam mai wannan shafi, da duk mai karantawa ko wanda ake karanta wa. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Danja. Ban san baƙi ba, mai rubuta wasiƙa na samu a kasuwar da ba a san ni ba, ina faɗa yana rubutawa. Don Allah ku bari in kai ƙarshe kafin ku tsine mini.

Mu Maguzawa ne. Maigidana yana da borin jini, duk ranar da ya shiga rumbu ƙaiƙayin dawa ya taɓa shi, sai jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ido ya kumbura, ya yi ta susa da totuwar masara har jini. Shi a wurinsa tsafin gida ne ke fushi, don ɗanmu na fari ya musulunta ya ƙi riƙe jan zakara ranar yanka. Maganin asibiti kuwa ya rantse ba zai taɓa harshensa ba. Bazarar bara waccan abin ya yi tsanani, na saci jiki na tafi ɗakin shan magani a Malumfashi. Malamin asibiti ya ba ni 'yan ƙwayoyi rawaya, ya ce ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ya riƙe hannuna ya ce, "Iya, maganin nan yana sa barci. Kada ya sha giya a kansa, kada ya hau sama." Na ce to. Amma yaya zan gaya wa mutumin da bai san zai sha ba? Kuma wa ya taɓa raba shi da ƙwaryar giyarsa?

Da safe na daka biyu, don na ga kumburin ya yi yawa, na zuba a kunun tsamiya. Kafin hantsi susa ta tsaya. Ya dube ni yana dariya ya ce na gani ko, tsafi ya huce da kansa. Ya sha giyarsa, ya ɗauki igiya ya ce zai je kaɗar ɗorawa. Ina tsaye da muciya a hannu, bakina ya buɗe, na tuna dukan da zan sha in ya ji, na rufe. Matan da ke tsintar ɗorawa a ƙasa sun ce yana zaune a kan reshe yana gyangyaɗi, sai kawai ya saki hannu.

Kwana bakwai da rasuwarsa ƙanensa ya tara dangi. Ya ce shekara arba'in yayansa na hawan itacen nan, me ya kayar da shi in ba zakaran da aka hana ba? Duk ido ya koma kan ɗana. Shi kuma ya juyo yana dubana. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tare masa faɗa a gaban mutane. Na ja zane na rufe fuska, na ɓuya a bayan wannan al'ada. Har yau mata suna yabona, wai ba a taɓa ganin mai kawaici irina ba. Kawaici!

Aka kori ɗana daga gandu. Yana Funtua yana dakon buhuna a injin gurzar auduga, matarsa ta koma gidansu don an ce mata yana da baƙar ƙafa. Yanzu ƙanen mijina ya ce kafin ruwan shuka zai raba gonaki, ko kunya ɗaya ɗana ba zai samu ba. In na buɗe baki, ni za a kora da tsufana, kuma wa zai karɓe ni? Wanda na bari aka kora?

Ran kasuwar da ta wuce ɗan nawa ya zo ya tsaya a bayan danga, don ba a barinsa ya shiga gidan ubansa. Ya miƙo mini turmin atamfa ta sama, ya ce ya kama ɗaki, in zo mu zauna. Sannan ya ce, "Inna, duk garin nan ke kaɗai ce ba ki taɓa cewa ni na kashe shi ba."

Sauran ƙwayoyin suna nan ƙulle a bakin zanena, na kasa zubarwa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Jama'a, me zan yi?