Telan da Ke Huda Tayar Kekensa

Malam, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Maigidana mai faci ne a bakin titi. Wata huɗu ke nan da bam ya tashi a tashar motar da ke kallon rumfarsa. Ko ƙwarzane bai samu ba, amma da hannunsa ya ɗebi mutanen da abin ya rutsa da su. Tun ranar, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai jikinsa ya hau ɓari. Injin iskarsa ya lulluɓe da buhu, wai kada taya ta fashe. Ya daina fita, sai kallon bango.

Rannan sai ga tela maƙwabcinmu da kekensa na hawa, wai tayar ta sace, kuma shi bai yarda da hannun kowa ba. Maigida ya gyara da famfon hannu. Washegari mai shayi ya kawo nasa, sannan malamin makaranta. Yanzu yana buɗe rumfa har azahar, suna zaune suna tsokanarsa. Har dariyarsa na jiyo.

Shekaranjiya na leƙa ta taga, sai na ga tela yana soka wa tayarsa allura. Ashe karɓa-karɓa suke yi! Malam, mijina ya tsani a ji tausayinsa. In faɗa masa, ko in yi shiru in shiga sahun masu yaudararsa?

Matar Mai Faci

Baiwar Allah, bari in fara da sanarwa ga jama'a: an samu telan da ya cika alkawari a kan lokaci, sai dai ba na ɗinki ba.

Na karanta littattafai a kan firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Abin da suke nanatawa shi ne kada a bar mutum shi kaɗai, a mayar da shi aikinsa sannu-sannu, a fara da ƙarami. Maƙwabtanki ba su karanta ko ɗaya ba, ga shi sun fara da keke.

Tsoronki yana kan hanya: ranar da ya ji a bakin wani, zai ji zafi. Amma ki tuna, mutumin da ya shekara yana duba huji ya san bambancin ƙusa da allura. Ina zaton ya gane, ya zaɓi yin shiru. Kada ki ɗauko zancen. In ya tambaye ki, kada ki yi masa ƙarya.

Sai dai allura ba ta warkar da ɓarin jiki. Ki lallaɓa shi ku je asibiti, ku ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba hauka ba ne, rauni ne da ba ya jini. Ke ma ki faɗi naki a can, wata huɗu kina riƙe da gida. Injin kuwa, ku bar shi a buhunsa har ya yaye da kansa.

Na sha rubutawa a filin nan cewa maƙwabtan zamani gulma kawai suka iya. Na yi kuskure. Allah ya ba maigidan lafiya, ya bar muku su.