Hanyar da Baba Zai Bi Zuwa Masallaci

Asabar, 29 ga Maris, 2008
Baba ya sake tuna mini bakancen da ya yi yana kwance da shanyewar ɓarin jiki: in Allah ya tashe shi, da ƙafarsa zai je Juma'a Babban Masallacin Ƙasa, daga nan unguwarmu ta Gudu a Abuja. To, ya tashi. Na kawo maganar likita, ya ce ba da likita ya yi alkawari ba. Ni ya ɗora wa zaɓen hanya. Tsoro nake ji ya faɗi a titi.

Lahadi, 30 ga Maris
Na zaga da mota, na zaɓi babban titi. Miƙaƙƙe, sumul. Matata Nafeesa ta yi mini dariya, wai mijinta da ko burodi da mota yake sayowa shi ne mai zaɓa wa mutane hanyar ƙafa.

Talata, 1 ga Afrilu
Haushin maganarta ya sa na gwada da ƙafa bayan na tashi daga ofis. Ashe titin nan hawa ne! Shekara da shekaru ina binsa, ban taɓa sani ba, mota ce ke haɗiye tudun. Ba inuwa, ba wurin tsallakawa. Da nan na kawo Baba...

Alhamis, 3 ga Afrilu
Na bi wasu masu tallar nono ta wata siririyar hanya, ta tsohon ƙauyen Garki. Ta fi tsawo sosai. Amma akwai mangwaro jere, ga rafi, ga dakalin da tsoho zai zauna. Ina fitowa daga wata kwana sai ga Dutsen Aso tsaye, hadari ya haɗo a bayansa, baƙi ƙirin. Na tsaya baki buɗe kamar baƙauye. Kullum ta gilashi nake ganinsa. Ban san haka yake da girma ba.

Litinin, 7 ga Afrilu
Doguwar za mu bi. Na shirya da George direba ya riƙa lallaɓowa da mota nesa da mu. Baba bai sani ba.

Laraba, 9 ga Afrilu
Ruwan farko. Ƙamshin ƙasa har cikin ɗaki.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Mun fita da sanyin safiya. Yana jan ƙafar hagu, yana salati, muna hutawa duk inda ya ga inuwa. A tudun ƙarshe ƙafar ta ƙi, ya durƙusa. Na ciro waya zan kira George. Ko kallona bai yi ba.

"Tawfiq, ka sallami George, tun safe yake ƙona mai. Ba ni kafaɗarka."

Na mayar da wayar aljihu. Muna kaiwa saman tudun sai ga ƙubbar zinariya, rana na dukanta, ladan ya ɗaga murya. Tsigar jikina ta tashi. Sahu ya riga ya fito har titi, a kan kwalta muka yi salla. Baba ya daɗe a sujada, kafaɗunsa na motsi. Ni ma dai ban yi saurin ɗagowa ba.

Litinin, 14 ga Afrilu
Na bar motar a gida, na bi ta Garki zuwa ofis. Na ce wa Nafeesa saboda cunkoso ne. Ba ta yi dariya ba, ta dai miƙo mini lema.