Amanar Mai Jita

Titiwangsa, Kuala Lumpur
9 ga Agusta, 2021

Ƙanena Hambali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, tarin nan kuma ya sake ka. Abban Afnan yana gaishe ka.

"Yaya, ko gidan nan ne ya kama da wuta, littafin Rustam zan fara fitarwa kafin takardun digirina." Kai ka faɗa da bakinka, ranar da motar asibiti ta ɗauke shi daga ɗakinku na Kampung Baru, ya bar maka littafin amana. Yau sati uku da sallamarsa, ba gobara, ba littafi. Tunda ka daina ɗaukar wayata, na cusa takardar nan cikin ledar tuwon da na ƙunsa maka, tapau in ji mutanen nan. Abinci dai na san ba ka mayarwa.

Bari in tuna maka wanda ka zauna da shi shekara biyu, don na ga ka ɗauke shi tsohon da ke kaɗa jita a otal kawai. Ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Lahore. Yana da shekara sha tara ya musanya kekensa da jita. Shi da abokansa uku suka riƙa ɗora baitocin Urdu kan kiɗan rok, lokacin da ake cewa harshen gida ba zai hau wannan kiɗa ba, har sai da suka cika filin wasa a Karachi. Daga nan ya yi wata waƙa kan rijiyoyin talakawa da suka ƙafe alhali lambunan manya sun yi shar. Gidajen talabijin suka daina sa shi, abokan suka watse. Ya taho nan, shekara sha ɗaya yana rera waƙoƙin wasu a otal-otal ɗin Bukit Bintang ga mutanen da ba sa ɗaga kai daga faranti. Nasa na kansa da ya rubuta a nan kuwa, arba'in da uku, suna cikin littafin nan, ba a taɓa naɗar ko ɗaya ba. Na san adadin, don ni da shi muka fassara tara lokacin da nake rubuta babi na huɗu na bincikena.

Korona ta cinye masa huhu. Likita ya ce waƙa ta ƙare masa. Yana ɗakin baƙinmu, jirginsa na komawa gida kuma ran Juma'a 20 ga wata. 'Yarsa Mehwish ce za ta rera waƙoƙin a Lahore. Kullum sai ya tambaye ni ko ka kira, ni kuma na gaji da cewa kana jarrabawa.

Ka ba mai babur ɗin da ya kai maka tuwon littafin ya kawo. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Bashira

Titiwangsa
14 ga Agusta, 2021

Hambali,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Amsarka ta zo cikin kwanon da ko wankewa ba ka yi ba.

Ka ce littafin kiɗa ne, mayar da shi taimakon saɓo ne. Ka ce ka so jefa shi a shara, sai ka buɗe ka ga sunan Allah da haruffan Larabci, ka fasa. Yanzu ka naɗe shi ka ɗora saman kabad, kana jiran a sassauta kullen korona ka binne shi kamar yagaggen kundi.

Don ka iya ajami ba shi ya sa ka iya Urdu ba. Haruffan ka gane, ma'anar ta wuce ka. Shafin farkon da ya tsorata ka na san shi: ta'aziyyar mahaifiyarsa ce, wadda ta rasu yana nan bai samu jana'izarta ba. Ita za ka haƙa wa rami na biyu?

Na san kwana goman da ka yi kai kaɗai da zazzaɓi sun girgiza ka, na kuma ji daɗi da ka riƙe ibada. Ra'ayinka kan kiɗa naka ne, malamai sun yi ta gardama a kai tun kafin a haifi kakanmu. Amma na karanta ayar da ta yi umarni a mayar da amana ga masu ita, ban ga inda aka ce "ban da mai jita" ba. Da ba ka so, da ka ƙi karɓa ranar da yake miƙo maka yana haki. Mutumin nan ne fa yake kashe sautinsa in ka ta da salla, ba ka ma roƙa ba.

Ban gaya masa ba. Ban gaya wa Inna ba, don ba na kai ƙarar namiji mai gemu.

Na ba ka zuwa Laraba, kiran la'asar. In littafin bai iso ba, ina da takardar asibiti da za ta wuce da mu shingen 'yan sanda. Zan ɗora Rustam a keken marasa lafiya, da tukunyar iskarsa a cinya, in kawo shi ƙasan benenku. Ba zan yi ihu ba. Zan zauna a dakali, ka sauko, ka dubi idonsa, ka gaya masa da kanka.

Ka sha maganinka.

Yayarka,
Bashira